Muryar Mama Ba a Cikin Layi Take Ba

Sallama gare ku, waɗanda suka saba bin labarina da waɗanda yau ne suka fara tuntuɓe da shi. Na yi fiye da sati uku ban rubuto komai ba, har wata baiwar Allah ta tambaya a ƙasan rubutun baya ko an ɗaura ne na hana ku gayyata. Ba a ɗaura ba, 'yar uwa. Wani abu na yi da hannuna wanda ya yi min nauyin faɗa. Yau dai na ce bari in zauna in sauke shi. Ku yi haƙuri idan na ja zancen, ni ko katako zan yanka sai na auna sau biyu. Sau ɗaya na yanka ban auna ba, shi ne wannan da zan ba ku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni kafinta ne. Shagona rumfar kwano ce a bayan masu walda. Teburin aiki ɗaya da babana ya bar min, benci ɗaya na baƙi, sai garin katako da ba ya ƙarewa ko sau nawa ka share. Wadda nake nema kuma malamar yara ce, ni ma Malama nake ce mata. Ta hanyar mahaifiyarta na san ta.

Shekara biyu ke nan da Mama ta shigo shagon nan dafe da ƙugu, ta ce tana son kabad na kicin da kujera mai jingina, don bayanta ya fara yi mata gardama. Na ce ta dawo gobe. Ta dawo, na ce gobe. Tun daga ranar sunana ya ɓace a bakinta, na koma Malam Gobe. Mama ba ta rubutu a waya, dannawa take ta yi magana ta saki. Ina tsakiyar aiki sai in ji waya ta motsa a aljihu, in buɗe in ji:

"Malam Gobe, yau ma goben ce? Kabad ɗin nan ko itacen ne ba ka shuka ba tukuna? Faɗa min in zo in taya ka ban ruwa."

Da na kai kujerar kuma: "Malam Gobe, ka zo ka rage wa kujerar nan ƙafa. Na zauna ƙafafuna na lilo kamar na 'yar yaye. Auta! Daina min dariya, je ki duba tukunyar can!" A bayan muryar kana jin dariyar Autar, wato Malama, tana yin nisa. Wannan dariyar na fara so tun kafin in san mai ita da kyau.

Aiki ya ƙare, saƙo bai ƙare ba. Ta tambaye ni jikin Innata, ta yi min faɗan rashin cin abinci a kan lokaci, ta aike ni gyaran tagar maƙwabciyarta. Da ta gane inda na dosa kuwa sai ta turo: "Ƙofar kicin ɗinmu lafiyarta ƙalau, sau uku kana zuwa gyara ta. In magana ce da kai, ka shigo ta ƙofar gaba." Saƙo saba'in da huɗu, na ƙirga su. Na ƙarshen daga gadon asibiti ta yi shi, muryar ta yi ƙasa, tana hutawa tsakanin kalma da kalma: "Malam Gobe, ka riƙe min yarinyar nan da kyau. Wannan aikin ban da gobe." Kwana biyar bayan nan Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta.

Sai da 'yan gaisuwa suka watse Malama ta farga da wani abu. Wayar Mama dangi sun ɗauka, an goge ta an ba wata, layin ma an rufe. Ita kuma a tata wayar babu muryar Mama ko ɗaya.

"Wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ai ba ya turo maka saƙo," ta ce min. "Ƙwala min kira take yi daga tsakar gida."

Bidiyo ma babu, don Mama da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Duk faɗin duniya muryar matar nan ba ta rage a ko'ina ba sai a cikin tsohuwar Android ɗina mai fasasshen gilashi, wadda na ɗaure murfinta da roba.

Daga nan muka samu wani abu namu mu biyu. Duk Asabar da hantsi, idan ta taso daga darasin da take yi wa yara, sai ta biyo shago. In kaɗe mata benci, ta zauna a gefen dama, ta ciro farin iyafis daga wani ɗan gwangwanin alewa da take ajiye shi. Kunne ɗaya nata, ɗaya nawa. Har suna muka sa wa saƙonnin. "Sa min ta kujera," ko "Sa min ta ƙofar kicin." Wani lokaci ta yi dariya har ta dafa tebur, wani lokaci ta juya min baya ta goge ido da bakin mayafi, ni kuma in yi kamar ina neman ƙusa. Ta asibitin ce kawai ba mu sawa. Sau ɗaya ta ji ta, ta ce a bar ta tukuna.

Na sha ce mata, "Malama, bari in turo miki su duka, ki riƙe abinki."

"A'a," take cewa. "In suna hannuna ba zan ci abinci ba, ba zan iya tsayawa gaban yara ba. Ka riƙe min. Ranar da na shiga gidanka sai ka ba ni kayana."

Ku riƙe wannan maganar. Amana ta ba ni, kuma da bakina na ce na ɗauka.

To, wata guda da ya wuce kawunta, wanda shi ke tsaye a kanta yanzu, ya aiko cewa zai sa min ranar da zan je ya gan ni. A daidai lokacin kuma na ji ƙishin-ƙishin akwai wani ma'aikacin ofis da ke kai gaisuwa gidan, mai mota ruwan toka, turarensa na riga shi shiga ɗaki. Malama ta ce kada in sa shi a raina. Amma labari ya kai kunnen Yayata, ita kuwa Yaya ba ta iya barin magana ta kwana.

Ranar Talata da azahar ta kira ni gidanta. Na same ta a falo a kan doguwar kujerar da ni na yi mata, cikin shuɗiyar riga mai duwatsu a wuya, tana ninke wanki, fanka na kaɗa labule. Gwaggonmu na gefe da jakarta a ɗaure, don a ranar za ta koma garinsu. Mijin Yaya na danna rimot. Ina zama wayata ta yi ƙara, na ciro ta.

"Innalillahi!" Yaya ta ajiye zanin da ke hannunta. "Da wannan za ka je gaban kawun yarinya?"

"Me ta yi, Yaya?"

"Me ta yi! Dube ta fa, an ɗaure ta da roba kamar damin alayyafo. Ka zauna gaban mutane ta yi ƙara ka ciro wannan, su ce ko gado ba za ka iya yi wa 'yarsu ba."

"Gado ai ni nake yi wa mutane."

Mijinta ya yi dariya, Gwaggo ma ta dara. Yaya ko murmushi.

"Kun ji shi ko? Wancan na zuwa da mota, kai kana zuwa da barkwanci. Baban yara, ina wayar nan da ka ajiye?"

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da iPhone a kwalinta. Baƙa ce, sumul, ko ƙwarzane babu. "Riƙe, ƙanina," ya ce. "Na canza wata, wannan zaman banza take yi a durowa."

"Tsohuwar kuma a goge a ba Gwaggo," in ji Yaya. "Tata ta mutu tun watan jiya. Ku je yanzu kafin motarsu ta tashi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so wayar nan. Na juya ta a hannuna, na hango kaina ina ajiye ta a kan teburin Kawu a hankali, yadda kowa zai gani. A wannan lokacin ban tuna Mama ba. Mai mota ruwan toka na tuna.

Mijin Yaya ya ɗauke ni a mota zuwa wurin mai gyaran wayar da ya saba da shi, wanda kowa ke kira Injiniya. Ɗan ƙaramin shago ne, kantar gilashi cike da matattun wayoyi, fitila mai lanƙwasasshen wuya a kan tebur, mutum uku na jira a benci. Injiniya ya karɓi wayoyin biyu ya jera su.

"Maigida, daga Android za ka koma nan. Ka san gida biyu ne, kowa da tsarinsa. Ka kwashe kayanka? Hotuna, hira, komai?"

A nan nake son ku fahimce ni, ba don ku wanke ni ba. Tun wayata ta farko mai madannai, idan zan canza, layi nake cirewa in sa a sabuwa, sai sunayen mutane su biyo ni. Sau uku ina yin haka. Ni a sanina layi kamar akwatin kayan aiki ne, duk inda ka ɗauke shi da guduma da zarto suna ciki. Ban taɓa zaton akwai abin da ke zama a jikin wayar ba.

Duk da haka wani abu ya ɗan motsa a raina, ya ce tambaya mana. Amma mijin Yaya na tsaye yana kaɗa makullin mota, masu jira na kallona, ɗayansu har ya ce, "Oga, an shiga sahun manya ke nan." Sai na ji nauyin in buɗe baki a gabansu in ce ban san me ake nufi da kwashe kaya ba. Na ɗaga ɗan layin nan tsakanin yatsu biyu.

"Komai na nan," na ce.

Injiniya ya dube ni ta saman tabarau. "Ka tabbata? Kana da ajiya a intanet?"

"Ina da ita."

Wallahi ban san me na amsa ba. Ya sa layin a sabuwar, ya danna nan ya danna can, sai ga sunaye sun fito a jere. Ga Yaya, ga Malama, ga lambar Mama ma da ban taɓa gogewa ba. Na ji sanyi a raina.

"Ka gani?" na ce masa, har da ɗan alfahari.

"Yi sauri, Injiniya, tsohuwa na jiran mu," in ji mijin Yaya.

Ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauki tsohuwar tawa, ya zare robar ya ajiye a kan kantar. Wani ɗan zare ya fito a fuskar wayar yana tafiya daga hagu zuwa dama. Bai kai lokacin da zan buga ƙusa goma ba ya isa ƙarshe. Ina tsaye ina kallo, ina murmushi.

Washegari da safe a shago maƙwabcina mai walda ya sauke min manhajar hira, ya sa lambata, ya koma bakin aikinsa. Na zauna na buɗe. Ga zauren 'yan uwa, ga na masu sana'a, amma duk wayam. Na nemo Malama, babu ko gaisuwa ɗaya a ƙarƙashin sunanta. Na nemi Mama sama da ƙasa, ban ga wurinta ba ma. Fili fari fat, kamar bangon da aka yi wa sabon fenti.

Na ce ƙila sabis ne, suna hanya. Na ajiye wayar a kan taga inda ya fi ƙarfi, na ɗan yi aiki na dawo. Babu. Na cire layin na hura masa iska, na goge shi da bakin riga, na mayar. Babu. Kafin azahar na rufe shago na koma wurin Injiniya.

"Saƙonnina ba su iso ba," na ce masa.

Ya ajiye abin da yake yi. "Daga ina za su iso?"

"Daga layi."

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa da alheri.

"Maigida, layi lamba ce kawai da 'yan sunaye. Makullin gida ne, ba gidan ba ne. Saƙonninka a jikin waccan wayar suke. Ba na tambaye ka ba? Da ka ce min ba ka sani ba, igiya ɗaya zan haɗa su da ita, ka je ka sha shayi ka dawo ka tarar komai ya ƙaura. Kullum aikin da nake yi ke nan."

Ya duba ajiyar da na ce ina da ita. Ba a taɓa yi ba ko sau ɗaya. Ashe wannan tambayar da tsohuwar wayar ke yawan yi min, ni kuma ina danna a'a don kada ta cinye min data, ita ce. Shekara da shekaru tana roƙona in bar ta ta adana min, ina korar ta.

Ranar Alhamis na shiga mota na je garin su Gwaggo na karɓo wayar. Na tarar jikokinta har sun cika ta da hotunan awaki. Washegari Injiniya ya haɗa ta da kwamfuta wuni guda, ya gwada wannan ya gwada wancan. Da la'asar ya zare igiyar ya miƙo min.

"An share ɗakin, an kuma zuba wasu kaya a ciki. Ka yi haƙuri."

Da a ce a ranar na wuce gidansu na gaya mata, da laifina ɗaya ne. Na tsaya a bakin titi na ce a raina, gobe.

Asabar ta zo, ita ma ta zo. Ta zauna a gefen dama, ta ga sabuwar waya a kan tebur na naɗe ta a cikin safa saboda garin katako.

"Iye! Su kafinta an waye," ta ce tana dariya. "Ina 'yar tsohuwa mai ɗamara?"

"Tana gida."

"To wannan fa, akwai su a ciki?"

"Babu caji. Cazarta daban ce, na baro ta."

Ta mayar da gwangwanin cikin jaka. "Ba komai, sati mai zuwa." Ta zauna muka yi hirar yaranta, ina amsawa ban san me nake cewa ba.

Asabar ta biyu kuwa guduwa na yi. Na sa kwaɗo a shago na tafi kasuwar katako, ba don ina da abin saya ba. Saƙonta ya shigo: "Na zo na tarar da kwaɗo. Lafiya dai?" Na rubuta: "Na kai aiki ne, ki yi haƙuri." Ta rubuto: "Allah ya taimaka. Ka ci abinci." Na daɗe ina kallon wannan "ka ci abinci". Haka Mama take rufe nata.

Duk tsawon kwanakin nan ni da sabuwar waya zaman baƙunta muke yi. Babban yatsana ya je ƙasa neman wurin komawa baya, ya tarar babu komai a wurin. Masu walda na cewa in ba su su ɗauki hoto, wai tana fito da mutum kamar ango. Ni kuwa ko nauyinta a aljihu ba na son ji. Ba ta yi min laifin komai ba, waya ce mai kyau. Amma duk sanda na dube ta sai in ga wannan ɗan zaren yana tafiya daga hagu zuwa dama.

Asabar ta uku ban gudu ba. Ta shigo da mayafi ruwan ƙasa, alli a hannun rigarta, fuskarta a sake yadda na daɗe ban gani ba. Ko zama ba ta gama yi ba ta fara.

"Albishirinka. Kawu ya sa maka Lahadi ta sama. Mai motar nan kuma na gaya wa Kawu da bakina ya ba shi haƙuri, ni na riga na ga wanda Mama ta nuna min." Ta buɗe gwangwani ta warware iyafis. "Yau ta ƙarshen nake so. Ta asibiti. Ina jin na shirya."

Ta ɗauki wayar da kanta daga kan tebur, ta zare ta daga safa. Ta riƙe bakin iyafis ɗin tana juya wayar, ta duba sama, ta duba ƙasa, tana neman ramin da za ta sa.

"Wannan ba ta da wurin sawa ne?"

"Malama."

"Na'am? Ko a fili za mu ji? Masu walda za su..."

"Babu su."

Ta ɗago.

Na gaya mata komai, tun daga falon Yaya har hotunan awaki. Ban rage ba, ban ƙara ba. Ina magana ina kallon ƙasa, ina jin ƙarar injin walda na tashi yana faɗuwa. Da na gama ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi.

"Duka?" ta ce.

"Duka."

"Har ta kujera?"

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Yau kwana goma sha takwas."

Ta ajiye wayar a kan tebur a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. "Da ruwa ta faɗa, ko ɓarawo ya ɗauke, da sai in ce Allah ya karɓi Mama sau biyu, in yi haƙuri. Amma an tambaye ka. Kunyar wa ka ji?"

"Mijin Yaya. Da mutanen da ke wurin."

"Mutanen da ko sunanka ba su sani ba." Ta girgiza kai. "Mama ta ga wayar nan da robarta da fashewarta, ta ce ka shigo ta ƙofar gaba. Wa ya ce maka waya muke nema?"

"Na haddace su, Malama. Wallahi duka na haddace. Zan iya faɗa miki ɗaya bayan ɗaya, in rubuta miki a littafi."

"Kalmomin ai ni ma na haddace." Muryarta ta fara rawa. "Muryar nake so."

Ta naɗe iyafis ɗin a yatsunta a hankali, zagaye bayan zagaye, ta sa a gwangwani ta rufe. Ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ka san wanda ya fi min ciwo? Na zauna a bencin nan ka kalli idona ka ce min babu caji."

Ta tafi. Gwangwanin ta bar shi a kan benci, ban sani ba ko mantawa ta yi.

Da yamma na je na gaya wa Yaya. Da farko cewa ta yi, "Saboda saƙon waya ake wannan duka?" Da na faɗa mata saƙon waye, da abin da na ƙarshen ya ce, sai ta zauna a hannun kujera ta rufe baki da tafin hannu. Ta ce ita ta ja min. Na ce a'a, Yaya, ke waya kika ba ni, ba ke kika hana ni tambaya ba. Ta ce za ta je ta ba yarinyar haƙuri. Na ce ta bari, wannan ba gyaran da ake aika wani ba ne.

Lahadi, Litinin, Talata, shiru. Na rubuta mata saƙo ya fi goma ina gogewa. Ɗaya kawai na tura: "Ba ni da hujja. Ki yafe min in za ki iya." Na ga alamar ta karanta. Ba amsa. Na yi ta goge ƙafar wani tebur da samfefa har ta fi sauran ukun siranta.

Yau Laraba da safe ina auna katako wayar ta motsa a cikin safa. Malama ce. Ba rubutu ba ne, saƙon murya ne, minti biyu da daƙiƙa goma. Tunda muke ba ta taɓa turo min murya ba, ita mai rubutu ce.

Ban buɗe ba. Na sa kwaɗo na tafi wurin Injiniya. Na tarar da mutane sun fi na rannan yawa, har da mata biyu da wani mai kwat. Na tsaya a tsakiyarsu na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Injiniya, ni ban san komai a kan wayar nan ba. Koya min yadda ake adana saƙo kada ya ɓata."

Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ma ya ɗago kai. Abin da na ji tsoro ke nan rannan, jama'a, abin da na sayar da muryar Mama a kansa ke nan.

Ya zaunar da ni ya nuna min sau uku, har na yi da hannuna. Ya kunna ajiyar intanet, ya tura saƙon wani wuri daban, ya kuma sa min shi a wani ɗan abin ajiya kamar ɗan yatsa, na ɗaura a makullin shago.

"Ba ka ma saurara ba?" ya ce. "In zagi ne fa?"

"Ko zagi ne, muryarta ce."

Na dawo shago na kaɗe benci, na zauna a gefen dama, inda take zama. Gwangwanin na nan inda ta bar shi. Na kai wayar kunnena na danna. Na fara jin hayaniyar yara can nesa, da alama a bayan aji ta tsaya. Sai numfashinta, ta ja ta sauke. Sai ta ce:

"Malam Gobe."

Ban san lokacin da na tsayar da shi ba. Malama ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba, ko da wasa, ta ce na Mama ne. Kuma yadda ta ja ƙarshensa, yadda ta ɗan ɗaga shi kamar mai shirin yin faɗa, wallahi da ido a rufe na ji da na ce matar nan ce ta dawo tambayar kabad.

Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan duka, ko zuciyata za ta kwanta. Saura minti biyu da daƙiƙa huɗu ban ji ba. Ban sani ba ko cewa za ta yi in zo ranar Lahadi, ko in aiko mata da gwangwaninta. Raina na ta ce min in bari sai da safe, in na samu ƙarfi.

A'a. An riga an gaya min wannan aikin ban da gobe. Ga yatsana a kai.